Kyamarar da Baba Yuguda Ya Zaɓa

Shekarar da aka cire tallafin mai, Tasi'u mai hoto ya yi wata huɗu cur ba wanda ya kira shi biki ko suna. Ba wai an daina aure da haihuwa a ƙauyukan Bagwai ba ne. Abin da ya faru shi ne, wanda ke fafutukar kwanon masara ba ya tuna mai hoto, in ma an so hoton sai wani ɗan uwa ya zaro waya daga aljihu ya ƙyasta, a wuce wurin. Tasi'u ya haura arba'in, yana da matarsa Hure da 'ya'ya biyar da 'yar gona a bayan gari, wadda a bana bai iya sa mata takin zamani ko buhu ɗaya ba. Kyamararsa kuwa irin ƙaramar nan ce mai ido a manne, ta tsufa har in ya danna sai ta yi shawara kafin ta ɗauka.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a garinsu, Alhaji Dallatu ya zo ta'aziyya daga Kano. Tare suka yi firamare da Tasi'u, amma shi tun yana saurayi ya shiga birni, yanzu yana da filin sayar da motoci. Bayan an shafa fatiha suka koma gindin gawo suna hira, Dallatu ya ce kasuwarsu ta juye. Masu manyan motoci sai kawo su suke yi a sayar saboda ba sa iya shayar da su mai, fili ya cika ya batse, amma masu saye ba sa tahowa. Kowa na zaune a Abuja ko Kaduna yana duba hoto a waya, sai wadda ta burge shi sannan zai kashe kuɗin tafiya. Ya nuna wa Tasi'u hotunan da wani maƙwabcinsa a kasuwa yake sakawa, motoci fes kamar a lasa, sannan ya nuna masa nasa da yake ɗauka da kansa. Ba sai an yi bayani ba.

"In za ka iya irin na maƙwabcin nan, aiki yana nan kullum," in ji Dallatu. "Gara kai da in nemo baƙo."

Kwana biyu bayan nan Tasi'u ya hau mota ya tafi da tsohuwar kyamararsa. Ya isa rana tana tsaka, aka nuna masa wata baƙar jif, ya zagaye ta yana ɗauka. Da suka zauna dubawa, ba motar a hoton. Akwai dai farar rigar Tasi'u a jikin ƙofa, da kansa ya yi faɗi kamar ƙwarya, da kwanon rufin shagon da ke gefe, gilashin gaba kuwa fari fat kamar an shafa alli. Dallatu ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ba ta wulaƙanci ba. Ya ce ya je ya nemi kayan aiki na kirki, zai jira shi.

A hanyarsa ta komawa tasha Tasi'u ya tsaya a wani shagon kyamarori, ya ga wata ƙatuwa a cikin gilashi mai dogon ido kamar hannun mutum, irin ta 'yan jarida. Tun daga nan ta shiga ransa. Da ya koma gida ya yi ta ba Hure labarinta, har ya manta tuwo yana hucewa.

Da gari ya waye Hure ta zo masa da shawara. Tana da raguna biyu da ta kiwata tun suna ƙanana, tana jiran Layya. Ta ce ya kai su kasuwa, ya haɗa da gyaɗar da ta rage a rumbu. Tasi'u ya ƙi, ya ce guminta ne na shekara guda. Ta ce ai dusar da take ciyar da su ma ta fara gagara, gara su tafi da ƙibarsu.

"Amma Malam, sharaɗi ɗaya," ta ce. "Kada ka sayi komai sai ka je Rimin Gado wurin Baba Yuguda."

Hure 'yar Rimin Gado ce, kuma Baba Yuguda maƙwabcin mahaifinta ne. Tasi'u ya san shi sama-sama a matsayin wani dattijo mai farar Fijo, bai taɓa sanin sana'arsu ɗaya ba. Ashe shekara talatin ya yi a Kano ba abin da yake ɗauka sai motoci, da farko a wani kamfanin inshora, daga baya a wurin masu shigo da sababbin motoci, inda hotunansa ke fitowa a kalanda da jarida.

Ya same shi a zaure a kan buzu, carbi a hannu. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyun, haske da duhu kawai yake bambancewa. Fijon tana nan a gindin darbejiya a ƙofar gida, an lulluɓe ta da tampol, kaji sun yi gida a ƙarƙashinta. Bayan gaisuwa Tasi'u ya faɗi abin da ya kawo shi, ya kuma kwatanta ƙatuwar kyamarar nan da ɗoki. Dattijon bai tanka zancenta ba. Sai ya shiga tambayarsa wace irin mota ya ɗauka, wane launi, da ƙarfe nawa, wace riga ce a jikinsa, ina rana take a lokacin. Da ya gama jin amsa ya yi murmushi.

"Ɗana, ba kyamararka kaɗai ce ta ba ka kunya ba. Jikin mota madubi ne. Duk abin da ke kewaye da ita shi za ka ɗauka, har da kai. Dogon idon nan da ka gani na mai ɗaukar ɗan ƙwallo ne daga nesa. Kai motarka a tsaye take, ba inda za ta gudu."

Ya ce abin da yake bukata kaɗan ne. Gangar kyamara ta hannu, ko da fentinta ya koɗe, in dai cikinta lafiya. Ƙaramin ido guda wanda ba ya zuƙowa ba ya mayarwa, mai lamba hamsin, domin shi ne ba ya kumbura hancin mota ko ya lanƙwasa taya. Ƙafa uku ta ɗora kyamara, mai nauyi da iska ba za ta kaɗa ba. Batir biyu, tunda wuta sai an ga dama ake kawowa. Filasha kuwa ya ce ya manta da ita, ba abin da za ta yi a jikin fenti sai farin tabo. Tasi'u yana ji yana gyaɗa kai, amma a ransa yana ganin kamar an rage masa girma. Dattijon ya ji shirun nasa, ya gane. Ya ce to, ranar Litinin ya biyo ta nan su tafi tare, don ya san in ya shiga shagon shi kaɗai da ƙatuwar zai fito.

Haka aka yi. Suka matsu a motar haya mutum huɗu a kujerar uku, Tasi'u yana ta jin nauyin ya ɗora wa tsoho wahala, shi kuwa Baba Yuguda sai hira yake yi da direba a kan injin motar, wai ya ji wani ƙara da bai yarda da shi ba.

Mai shagon sunansa Uwaisu, mutum mai fara'a da saurin baki. Yana ganin Tasi'u ya gane shi, ya ciro ƙatuwar ya ɗora a kan tebur. Baba Yuguda ya miƙa hannu aka sa masa ita. Ya shafa ta ko'ina, ya kai ta kusa da kunne ya danna sau uku. Sannan ya kwance idon, ya kai hanci ya shinshina, kamar mai sayen daddawa. Uwaisu ya dubi Tasi'u yana danne dariya. Dattijon ya ce wa Tasi'u ya kunna fitilar wayarsa ya haska ta bayan gilashin, ya leƙa ta gaba, ya faɗa masa abin da ya gani. Tasi'u ya leƙa. A can ciki akwai wasu siraran zare farare da suka bazu kamar saƙar gizo-gizo.

"Funfuna ce," in ji Baba Yuguda. "Wannan a garin ruwa ta zauna. Kafin damina biyu duk hotonka zai zama kamar an ɗauka a cikin hayaƙi."

Uwaisu ya karɓa ya leƙa da kansa, ya daɗe yana kallo. Ya rantse a cikin kaya aka kawo masa ita, bai taɓa haskawa ba. Daga nan saurin bakin ya ragu. Ya jawo wa dattijon kujera, ya aika aka kawo ruwa, ya shiga fito da abin da ke ƙasan kanta wanda ba ya sakawa a gilashi. Guda biyar Baba Yuguda ya saurara. Ɗaya ya ce tana jan numfashi, ɗaya ya ce murfin batirinta ya saki. Ta huɗun ce ya danna ya sake dannawa, ya ce wannan mai ita bai wahalar da ita ba, duk da kusurwarta ta goge har ƙarfe ya fito. Tasi'u ya dube ta, ba ta da wani kwarjini. Aka nemo ƙaramin idon, aka haska shi, garau. Dattijon ya zagaya bakinsa da ɗan yatsa, ya sa Uwaisu ya karanta masa lambar da ke rubuce a jikin murfin, ya ce madalla.

Sai ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya fiddo wani ɗan ƙunshi na tsohon hankici. A ciki akwai baƙin gilashi zagayayye mai zobe biyu. Ya ce sunansa filta, shi ne ke kashe ƙyalli, kuma tun yana aiki yake tare da shi. Ya ɗaura shi a bakin idon da hannunsa, ya zauna daram. Ashe dalilin tambayar lambar ke nan. Ya ce tsohon yayi ne, wani lokaci zai rikita saitin kyamarar, sai Tasi'u ya riƙa saitawa da hannu, kuma hakan ma ya fi. Ya umarce shi ya fita ƙofar shago, ya auna gilashin duk motar da ya gani a tsaye, ya juya zoben gaba a hankali.

Akwai wata jar mota a tsallaken titi, gilashinta yana walƙiya da rana. Tasi'u ya sa ido, ya fara juyawa. Farin ya yi ta janyewa kamar ana yaye mayafi, sai ga sitiyari, ga kujeru, ga carbin da aka rataye a madubi. Jan fentin ma ya ƙara nuna. Ya mayar da zoben baya, ƙyallin ya dawo. Ya yi haka ya fi sau goma a tsaye a bakin titi, masu babur suna yi masa hon. Shekara ashirin yana sana'ar hoto bai san da wannan ba.

Da ya dawo ciki ya durƙusa ya tambayi abin da zai bayar na filtar. Baba Yuguda ya ce ba ta sayarwa ba ce, shekara tara tana cikin akwati ba ta ga rana ba, ya riƙe. Tasi'u ya shiga jero masa addu'a. Uwaisu ma da aka zo ciniki bai ja ba, har ya ƙara musu da jaka, ya ce karatun da ya samu yau ya fi ta. Abin da ya rage daga kuɗin ragunan ya isa ƙafa ukun da batir na biyu, da buhun masara rabi da Tasi'u ya tafi da shi gida.

Ya so ya wuce wurin Dallatu washegari, dattijon ya hana. Ya ce wanda ya ji kunya sau ɗaya a gaban mai ba shi aiki ba ya komawa sai ya shirya. Ga Fijo nan a ƙofar gida, ya koya a kanta.

Mako biyu Tasi'u yana zuwa Rimin Gado a kan keken aro. Aka yaye tampol, aka kori kaji, ya wanke motar da hannunsa har farinta ya dawo. Ba mai a cikinta, batir ma ya mutu tuntuni, don haka maƙwabta ne ke taya shi turawa zuwa bakin gonar da ke bayan gidan. An gama girbi, fili ya buɗe, karan dawa a jingine tsibi-tsibi, ga wata tsohuwar kuka can nesa. Baba Yuguda yakan zauna a kujera a gefe, yana jin ɗumin rana a fuskarsa yana faɗin ko lokaci ya yi. Ba a ɗauka sai da sassafe kafin hantsi, ko bayan la'asar sakaliya. Ya hana shi sa fararen kaya. Ya koya masa ya rage tsawon ƙafa ukun har kyamara ta yi daidai da fitilar mota, ya tsaya ta kusurwa yadda gaba da gefe za su fito tare, ya karya tayar gaba kaɗan don a ga fuskarta.

Abin da ya fi wuya shi ne malamin ba ya ganin aikin ɗalibinsa. Duk hoton da Tasi'u ya ɗauka sai ya kwatanta shi da baki: ina inuwa ta faɗi, me ke bayan rufin motar, me ake gani a jikin ƙofa. Sau da yawa yana tsakiyar kwatancen zai gane kuskurensa da kansa, ya ce ashe kukar ta tsiro daga kan but ɗin motar, sai ya matsa. A ƙofar baya ta hagu akwai wata loɓawa da tsatsa ya fara ci. Tasi'u ya riƙa kauce mata, har ya yi alfahari da cewa ya samo wurin da ba ta fitowa. A nan ne kaɗai ya ji muryar dattijon ta yi kauri.

"Koma ka ɗauke ta, ita kaɗai, kusa. Mutum zai taso daga wata uwa duniya a wannan tsadar saboda hotonka. In ya zo ya tarar da abin da ka ɓoye, kai ka cuce shi, ba mai motar ba."

Ranar da Tasi'u ya koma Kano ya roƙi Dallatu ya buɗe fili tun bayan asuba. Dallatu ya zo yana mita, wai shi bai taɓa jin inda mai hoto ke sa wa mai gida lokaci ba. Aka jawo baƙar jif ɗin nan zuwa gefen wata doguwar katanga da ba komai a jikinta. Tasi'u ya kafa ƙafa uku, ya durƙusa, ya juya zobe. Da ya miƙa wa Dallatu kyamarar ya duba, mitar ta tsaya. Jif ɗin da ta yi wata biyar a filin ta tafi cikin kwana tara, kuma mai sayen ya ce hoton ƙwarzanen da ke jikin bamba shi ya sa ya yarda ya taho. Kafin wata ya ƙare, dillalai uku na layin suna kiran Tasi'u.

Hotunan Fijon suna cikin kyamarar, Dallatu ya gan su, ya saka uku a shafinsa don nishaɗi kawai. Sai ga wani mutum daga Kaduna ya dame shi da waya, wai irin motar mahaifinsa ce sak, har launi, yana so ko nawa ne. Tasi'u ya kai saƙon Rimin Gado yana jin kunya, kamar ya yi tallan abin da ba a ba shi ba. Baba Yuguda ya ce a'a, da ita ya ɗauko matarsa marigayiya daga asibiti a duk haihuwarta. Tasi'u bai sake tayar da zancen ba. 'Yar dattijon Sakina ce, wadda ke aure a Tofa, ta zo ta zauna da shi kwana biyu. An daɗe da gaya musu yanar idon tana ciruwa, halin yin aikin ne babu. Abin da suka tattauna ba wanda ya ji, amma a rana ta uku dattijon ya aika a kira mutumin Kaduna. Ranar da aka zo ɗaukar motar ya sa aka kai shi ya dafa bonet ɗin, ya daɗe a haka, sannan ya koma zaure.

Da kuɗin motar aka yi aikin idon kafin azumi. Idon dama ya buɗe, na hagu likita ya ce ya riga ya lalace. Tasi'u ya wanko hotunan Fijon manya guda shida ya kai masa. Dattijon ya fito da su hasken ƙofa, ya kanne idon da ba ya gani, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A biyu ya ce sararin sama ya yi yawa. A ɗaya ya ce tayar ta karye fiye da kima. Da ya zo kan wanda aka ɗauka bayan la'asar, motar tana fuskantar karan dawa, sai ya ware shi gefe, ya ce wa Sakina ta sa masa a ɗaki. Sannan ya ɗago ya ƙare wa Tasi'u kallo, ya ce ashe haka yake, shi ya ɗauka dogo ne.

Tsadar ba ta sauka ba, kuma akwai makon da ba a kiran Tasi'u ko sau ɗaya. Amma a daminar nan gonarsa ta ga taki, kuma ya sayo wa Hure tumaki biyu masu ciki ya ɗaure mata a turke ba tare da ya gaya mata ba. Da ta fito ta gan su sai ta tsaya riƙe da tsintsiya, ta ce ita raguna ta bayar. Ya ce ya sani, su ma ragunan suna tafe a ciki. Duk Juma'ar da ya samu sarari yakan yi sallah a Rimin Gado, ya tsaya a zauren da ɗan abin da ya sawwaƙa, dattijon yana faɗan ya daina wahalar da kansa, yana kuma karɓa.

Wajen kaka Dallatu ya kira shi ya ce wani mai tireloli a Dawanau zai sayar da guda huɗu, yana son hoto. Tasi'u ya je ya duba. Wurin a matse yake, ya ja da baya har ya jingina da bango, rabin motar kawai ke shiga. Ya ce wa mai tirelolin ya ba shi kwana biyu. Daga nan bai nufi gida ba, ya hau motar Rimin Gado. Ya tarar da Baba Yuguda yana gyaran rediyo da kansa a ƙofar gida, ya zauna ya kwatanta masa tsawon motar da faɗin filin. Dattijon ya ajiye sukudireba, ya tambaye shi taku nawa ne daga bangon zuwa taya, kuma ta wane gefe rana ke fitowa.